Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Jami'o'in Kano Da Kwamishinan Ilimi: Ku Shigo Ajin Lissafi Tare Da Mu

Zuwa ga Shugabannin Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, da Jami'ar Northwest, da shugabannin manyan makarantun horar da malamai na Jihar Kano,

Da kuma Mai Girma Kwamishinan Ilimi, tare da shugabannin Hukumar Kula da Manyan Makarantun Sakandare da Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah Ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, ni malamin lissafi ne a ɗaya daga cikin makarantun sakandaren gwamnati, kuma bana shekarata goma sha tara ina riƙe da alli. Ba ni da muƙami a kowace ƙungiya. Abin da zan faɗa magana ce da muka daɗe muna yi da abokan aiki, maza da mata, a ofishin malamai lokacin tara, da kuma wajen makin takardun WAEC da NECO, inda malamin Rano da na Bichi da na cikin birni suke haɗuwa sau ɗaya ko biyu a shekara. Da yawunsu nake rubutu. Da yawa daga cikinmu ɗalibanku ne, a ajujuwanku muka zauna, da hannunku kuka sa mana hannu a takardun shaida, don haka kukan ɗa ne ga uba.

A watan Yuni na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma tun daga lokacin ilimi ke ɗaukar kaso mafi tsoka a kasafin kuɗin jiha. Mun ga ana gyara ajujuwa, ana kawo kujeru, ana ɗaukar malamai. Duk wanda ya taɓa koyar da yara suna zaune a kan dandaɓen ƙasa ba zai raina kujera ba, kuma mun gode. Sai dai akwai wani gyaran da bai zo ba, shi ne na abin da ke cikin kan malamin da zai tsaya a gaban waɗannan kujeru. Tun ranar da jami'a ta sallame mu, ba ta sake waiwayarmu ba, ma'aikata kuma ba ta taɓa ɗaura igiyar da za ta haɗa mu da ita ba. A kan wannan na ɗauki alƙalami.

Bari in fara da abin da ya same ni. A shekarata ta huɗu da fara aiki, ina koyar da 'yan aji ɗaya na babbar sakandare, wata yarinya da ke zama a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, na yarda mainos sau fulos mainos ne, kamar bashi ne ya ninku. To amma yaya aka yi mainos sau mainos ya zama fulos? Bashi sau bashi ya zama riba?" Na ce mata haka doka take, ta haddace. Ta ce to, ta sunkuyar da kai. Har ta gama makarantar ba ta sake yi mini tambaya ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni ɗin nan a aji uku na jami'a na rubuta hujjar wannan doka a jarrabawar aljabara mai zurfi, na kuma ci. Amma ba wanda ya taɓa nuna mini cewa waccan hujja da tambayar yarinyar nan abu ɗaya ne. Sai bayan shekaru wani dattijon malami ya nuna mini a bayan takardar maki: uku sau mainos biyu, mainos shida, biyu sau mainos biyu, mainos huɗu, ɗaya sau mainos biyu, mainos biyu, sifili sau mainos biyu, sifili. Kowane mataki amsa na ƙaruwa da biyu. To mainos ɗaya sau mainos biyu fa? Yaro da kansa zai ce biyu. Minti uku ya ɗauke shi. Na yi ta lissafa yawan yaran da suka wuce ta hannuna kafin wannan minti ukun.

Wannan ciwo ba a kanmu ya fara ba. Tun a 1908 masanin lissafi na ƙasar Jamus, Felix Klein, ya bayyana shi da cewa katsewa ce har sau biyu: ɗalibi ya shiga jami'a ya tarar da lissafin da ba shi da alaƙa da wanda ya baro a sakandare, sai ya manta na sakandaren; ya gama ya koma sakandare a matsayin malami, ya rasa inda zai sa na jami'ar, sai ya ajiye shi ya koma koyarwa yadda aka koya masa yana yaro. Shekara fiye da ɗari ke nan, kuma da mutumin zai leƙo makarantunmu yau, da ya ce ga abin da nake faɗa. Sashen lissafi ya ba mu lissafi, tsangayar ilimi ta ba mu dabarun koyarwa na gaba ɗaya, wanda ya dace da mai koyar da tarihi da mai koyar da Larabci duka. Ilimin da ke tsakani, wato sanin inda yaro ɗan shekara goma sha biyar yake tuntuɓe a aljabara da dalilin tuntuɓen da misalin da zai tashe shi, wannan an bar wa kowa ya tsinta a hanya.

Ga abin da hakan ke haifarwa. Malamin da bai san dalilin doka ba, waƙa yake mayar da ita. Mukan ce wa yara, "in lamba ta tsallaka alamar daidai, sai ta canja alama." Sai yaro ya tarar da biyu sau x daidai da shida, ya tsallakar da biyun ya mayar da shi mainos, ya rubuta amsa huɗu ko mainos uku, kuma a ganinsa ya bi umarnin malam. Gaskiyarsa ne, ya bi. A kowace shekara ina makin takardun da ɗan aji shida ya tara rabi da sulusi ya sami biyu bisa biyar, saboda ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Bai tsaya ya ga cewa amsarsa ba ta kai rabin da ya fara da shi ba, don ba wanda ya koya masa cewa amsa abu ce da ake aunawa da hankali. Irin wannan yaron ba daƙiƙi ba ne. In ka aike shi Kwari ko Singa da kuɗi, ba mai cutarsa ko da naira ɗaya.

Na biyu, a makarantu da dama, musamman na karkara, wanda ke koyar da lissafi ba lissafin ya karanta ba. Wani tattalin arziki ya yi, wani kimiyyar sinadarai, wani ɗan bautar ƙasa ne da zai tafi kafin shekara ta zagayo. Shugaban makaranta ba shi da yadda zai yi, wanda ya ga ba ya tsoron lambobi shi zai miƙa wa alli. Waɗannan bayin Allah suna bakin ƙoƙarinsu, amma mutum ba ya ba da abin da ba shi da shi. Saboda haka akwai darussan da ake tsallakewa cikin shiru: ƙa'idojin kusurwoyin da'ira, zane da kamfas da rula, lissafin alƙibla da nisa, da tambayoyin da ake bayarwa cikin labari a ce yaro ya mayar da su lissafi. Duk wanda yake karanta rahoton manyan masu makin WAEC ya san waɗannan su ne wuraren da ake ta nanata raunin ɗalibai a kansu shekara da shekaru. Mu da muke makin muna ganin shafin a wofi, yara ko taɓa tambayar ba sa yi. Rahoton yana fitowa, ba wanda ke zama da malamai a kansa. Shi kuwa lissafi mai zurfi da ake kira Further Mathematics, wanda mai son injiniyanci ya fi kowa bukata, makarantu da yawa sun daina saka shi a jadawali don babu mai koyarwa.

Za a ce ai ana shirya bita. Ana yi, kuma na halarci da yawa. Ta ƙarshe da na je, kwana uku ce, mu fiye da ɗari biyu a zaure ɗaya, malaman kowane fanni a cakuɗe. Rabin ranar farko ya tafi a jiran manyan baƙi da jawabai. Mai gabatarwa ya yi bayani mai daɗi a kan cewa a sa ɗalibi a tsakiyar darasi, a raba yara rukuni-rukuni na mutum biyar. Wata malama ta tashi ta ce ajinta yara ɗari da goma ne, ta nemi a nuna mata yadda za ta yi hakan a darasin logarizim. Aka ce lokaci ya ƙure. Muka karɓi jaka da takardar shaida da alawus, muka watse, ba wanda ya sake zuwa ya ga ko wani abu ya canja a aji. A cikin kwana ukun nan ba a warware lissafi ko ɗaya ba. Akwai kuma abin da kowa ya sani: sau da yawa sunan da ke shiga jerin masu zuwa bita na wanda ya daɗe da barin aji ne, shi kuwa mai allin yana can yana tsare wa mutane darasi. Salon nan na a horar da mutum goma su horar da ɗari, ɗari su horar da dubu, kamar shayi ne da ake ta ƙara wa ruwa, kafin ya iso ƙauye sai launi.

Ranku ya daɗe shugabannin jami'o'i, ta hanya biyu kawai muke ganin jami'a a makarantunmu. Ta farko, ɗalibin digiri na biyu ko na uku ya zo da takardun tambayoyi, mu cike, yara su cike, ya tafi. Na cike irin waɗannan sun fi ashirin, kusan duk a kan dalilan faɗuwar ɗalibai a lissafi, kuma ba a taɓa dawowa an ce mana ga abin da aka gano ba. Kundayen suna can a jere a ɗakunan karatu. Ta biyu, ɗalibai masu koyarwar gwaji. A turo mana su da wasiƙa, mu ba su aji, mai duba su ya zo sau ɗaya ko biyu ya zauna minti ashirin ya ba da maki. Ni da na yi wata uku ina kallon ɗalibin nan kullum, ba a tambayata komai, ba a kuma taɓa koya mini yadda zan raine shi ba. Ga dama a hannu, malamin jami'a da malamin sakandare da malamin gobe duk a harabar makaranta ɗaya a rana ɗaya, amma sai a gaisa a rabu.

Na san ba duka laifin mutane ba ne, tsarin kuɗin ma ya bar mu a tsakiya. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, bisa dokarta ta 2004, firamare da ƙaramar sakandare take kula da su, har da kuɗin horar da malamansu. Asusun tallafin ilimi na TETFund, bisa dokar 2011, na makarantun gaba da sakandare ne. Babbar sakandare, inda yaro ke yanke shawarar ko zai zama likita ko injiniya ko zai gudu daga duk abin da ke da lamba, ita ce marainiyar, domin hukumar tarayya da aka kafa mata ba ta daɗe da fara tafiya ba. Amma wannan giɓin shi ne ma hujjar wasiƙata. Jami'a tana da ƙofar samun kuɗin bincike daga TETFund, mu ba mu da ita. Mu kuma muna da ajujuwa da yara da matsalolin da suka cancanci bincike.

Kuma asarar ba tamu kaɗai ba ce. WAEC ta sanar cewa kashi 72.12 cikin ɗari na waɗanda suka zauna jarrabawarta a 2024 sun sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Ku tambayi malamanku masu koyar da lissafin shekarar farko me suke gani a takardun masu kiredit ɗin nan. Na sha jin su suna cewa sakandare ta lalace, tana turo musu yaran da ba su iya tara rabi da sulusi ba. Mu ma a ofishinmu cewa muke jami'a ta lalace, tana turo mana malaman da ba su iya bayani ba. Kowa ya faɗi gaskiya, amma zagaye ɗaya ne: ɗalibinmu shi ne naku, naku kuma shi ne yake dawowa ya zama abokin aikinmu. Shekara nawa za mu yi muna jifan juna ta kan katanga?

Abin da nake roƙo ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A shekarun 1970 Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da tallafin UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin inganta ilimin firamare a jihohin Arewa, inda masu horarwa suke zagayawa suna tarar da malami a ajinsa. A 1977 Jihar Kano ta kafa hukumar makarantun sakandaren kimiyya, aka buɗe makarantun Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma yau da wuya ka shiga babban asibiti ko ma'aikatar ayyuka a Kano da Jigawa ba ka tarar da ɗan Dawaki ba. Wancan ƙarni ya yanke shawara ne ya tsaya a kanta shekaru. A 2006 aka fara shirin horar da malamai na SMASE da haɗin gwiwar hukumar JICA ta Japan a jihohin Kaduna da Neja da Filato, don malaman lissafi da kimiyya na firamare, alhali a Kenya, inda aka faro shi a 1998, da malaman sakandare aka fara.

Misalin da ya fi kama da halinmu shi ne na Afirka ta Kudu. Daga 2010 Farfesa Jill Adler ta Jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg ta jagoranci wani aiki da makarantun sakandare goma a yanki ɗaya, makarantun talakawa masu cunkoso, inda yara ke koyon lissafi da Turancin da ba shi ne harshen gida ba. Ba su ɗauki dukan manhaja ba, sun tsaya a kan aljabara da abin da ke kewaye da ita a shekarun da yaro ke haurawa daga ƙaramin aji zuwa babba. Malamai suna zuwa kwas na kwana 16 a warwatse cikin shekara, su koma aji su gwada, su dawo da abin da suka gani. Da aka auna yara, ɗaliban malaman da suka yi kwas ɗin sun fi takwarorinsu ci gaba. Tazarar ba ta da girma, kuma masu aikin ba su ɓoye hakan ba, abin da ya sa na ƙara yarda da su ke nan. A Japan kuwa al'ada ce tsohuwa malamai su taru su tsara darasi ɗaya tare, ɗayansu ya koyar, sauran su tsaya a gefe suna kallon abin da yara ke rubutawa, sannan a zauna a tattauna, sau da yawa da malamin jami'a da zai yi jawabin rufewa. Wannan ba ya bukatar otal ko janareta. Aji yake bukata da lokaci da mutanen da suka amince da juna.

To ga roƙonmu gare ku shugabannin jami'o'i da kwalejoji. Kowace ɗaya ta ɗauki makarantun sakandare goma, a rubuta yarjejeniya da ma'aikata ta aƙalla shekara uku. Kada a ce za a game jiha a tashi ɗaya, ƙananan hukumomi 44 ba sa gamuwa a zango guda, kuma yunƙurin game su ne yake mayar da kowane shiri bitar kwana uku. A cikin goman nan a sa na karkara da na 'yan mata, kada a tsaya a kan waɗanda ke bakin titi. Wudil tana da maƙwabta a kudancin jiha, kwalejin Bichi tana da nata a arewa.

Kada a bar wa tsangayar ilimi aikin ita kaɗai. Muna son sashen lissafi ya shigo da ƙafarsa. Muna son ranar Asabar ɗaya a wata da za mu zauna da masana mu yi lissafi da hannunmu, lissafin da muke koyarwa, a tona shi har saiwa: me ya sa rabawa da rabi yake zama ninkawa da biyu, daga ina dabarar warware kwadiratik ta fito, me ya haɗa kusurwar tsakiyar da'ira da ta gefenta. Mu kuma mu zo da littattafan yara, a baje kurakuransu a kan tebur a nemi tushensu. A dogon hutu, lokacin da zaurukanku suke a rufe, a ba mu mako biyu. Sannan, kuma wannan ne zuciyar roƙon, malamin jami'a ya zo makarantarmu ya karɓi alli ya koyar da 'yan aji huɗu ko sau biyu ne a zango, mu muna kallo, wani makon mu koyar yana kallo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Farfesan da ya tsaya minti arba'in a gaban yara ɗari da rana tsaka, ba fanka, rabinsu ba su karya ba, zai koma ya koyar da ɗalibansa masu shirin zama malamai da wani ido dabam. Mu ma za mu ga yadda mai zurfin sani yake juya tambayar yaro.

Na san malamanku ba zaune suke ba, aiki ya yi musu yawa, kuma ƙarin girmansu a kan maƙalun da suka wallafa yake. Saboda haka muna roƙon majalisun jami'o'i su lissafa wannan aiki cikin nauyin koyarwar malami, su ba shi maki na gaske wajen ƙarin girma. Hidima ga al'umma tana cikin ginshiƙai uku da ake cewa jami'a ta tsayu a kansu, tare da koyarwa da bincike. A ba ta nauyin da zai sa matashin lakcara ya ga zuwa Gezawa ba asarar lokacinsa ba ne. Duk ɗalibin da ya yi bincike a makarantunmu, a wajabta masa komawa ya yi wa malamai bayanin abin da ya samu kafin a sa hannu a kundinsa. Malaman da suka kammala shekara a shirin, a lissafa musu shi a matsayin wani ɓangare na difilomar koyarwa ko digiri na biyu, musamman waɗanda ba lissafi suka karanta ba. Ƙwararrun cikinmu kuma a horar da su su zama masu rainon ɗaliban koyarwar gwaji, a riƙa jin ta bakinsu wajen ba da maki.

Akwai wata bukata da ta shafi Jami'ar Bayero musamman, don ita ke da cibiyar nazarin harsunan Najeriya da ta fitar da ƙamus na Hausa zalla a 2006. Kowa ya san da Turanci ake jarrabawa, kowa kuma ya san da Hausa muke bayani in muna son a gane. Amma kowane malami da irin Hausarsa, wani fassararsa ma ita ke ɓatar da yaro. A haɗa masana harshe da masana lissafi da mu, a daidaita yadda za a faɗi waɗannan abubuwa. Kayan aikin suna nan a gida. Yaron da ke zuwa Islamiyya ya san rabi da rubu'i da sumuni, ya san sulusi da sudusi daga darasin rabon gado. Na taɓa ba 'yan ajina mas'alar mace da ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai: miji rabi, su kuma sulusi biyu. In asali shida ne, uku da huɗu sun zama bakwai, rabo ya fi dukiya, shi ne malaman fara'ili suke yin auli su mayar da asalin bakwai. Ranar har waɗanda ba sa magana sai da suka yi gardama, kuma ba wanda ya tara na sama da na sama. Shi kansa Alkhawarizmi, wanda daga aikinsa kalmar aljabara ta fito, babban kaso na rubutunsa a kan lissafin gado da wasiyya ne. Yaranmu kuma sun cancanci su ji sunan Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya yi rubutu a 1732 kan hanyoyin gina jadawalin lambobi irin na hatimi, wanda duk layin da ka tara jimla ɗaya yake bayarwa, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Yaron da ya ji haka zai daina ɗaukar lissafi a matsayin kayan aro.

Mai Girma Kwamishina, naku kason shi ne wanda in babu shi sauran duk magana ce. Malamin da ke da darasi talatin a mako ba shi da lokacin zama da kowa. A ba da umarni a keɓe wa malaman lissafi na makarantun da ke cikin shirin awa biyu a mako a cikin jadawali, a san cewa aiki ne. A daina yi musu canjin wurin aiki har shekara ukun ta cika, don na ga yadda takarda ɗaya take rushe abin da aka yi shekara ana ginawa. Wanda zai shiga shirin ya zama sunansa na kan jadawalin koyarwa. A biya kuɗin mota a kan lokaci, ba mu nemi fiye da haka ba, a kuma sa lokutan zama yadda malamai mata masu iyali za su iya halarta. A lissafa shi wajen ƙarin girma, yadda malami zai iya ɗaukaka yana cikin aji ba sai ya gudu ofis ba. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna da Ƙungiyar Malaman Lissafi ta Najeriya duk suna da abin bayarwa, a gayyato su, amma ragamar ta zauna a hannun jami'a da makarantun da ke kusa da juna.

Abu ɗaya nake so a yi mana alkawarinsa a rubuce: abin da aka gani a ajin malami ba zai zama bulalar dukansa ba. Ba mu manta da 2017 ba, lokacin da aka ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji a Jihar Kaduna aka sallame su. Kowa da ra'ayinsa a kan wancan mataki, amma tsoron da ya bari yana nan. Malamin da ke tsoron a kore shi ba zai taɓa cewa "ban gane ƙa'idar nan ba" a gaban farfesa, kuma daga wannan jimlar ake fara koyo. In ana son a san ko shirin yana aiki, a gwada yaran a farkon shekara da ƙarshenta, a duba irin kurakuran da suka ragu, a faɗa wa jama'a sakamakon ko da bai yi daɗi ba.

Mu ma akwai namu. A cikinmu akwai masu fashin aji, akwai masu maimaita tsarin darasin da suka rubuta shekara goma da suka wuce, akwai waɗanda in ba alawus ba za su zo ba, akwai ma masu taimaka wa yara da amsa a zauren jarrabawa suna ganin tausayi ne. Ba na kare su. Amma waɗanda na rubuto da yawunsu sun yarda za su buɗe ƙofar ajinsu, su zo da littattafan ɗalibansu yadda suke, su faɗi abin da ba su sani ba, su ba da Asabar ɗinsu.

Muna roƙon kafin sabon zangon karatu ya kama, Mai Girma Kwamishina ya kira zama ɗaya da shugabannin sassan lissafi da na ilimin kimiyya na waɗannan manyan makarantu, a sa malamai masu alli a hannu su zauna a teburin, a fitar da sunayen makarantun farko da ranar farawa. In da hali, a yi zaman a cikin ajin wata makarantar sakandare, ranar karatu, bayan an kalli darasi ɗaya tare.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya sa a gama lafiya.

Wassalam,

Naku cikin girmamawa,
Malamin lissafi a wata makarantar sakandaren gwamnati, Jihar Kano,
a madadin abokan aikinsa.